Goggo Zulmira da Titin Fararen Zannuwa

Lokacin da aka kawo ni amarya wannan titi, sunan wani janar ne a jikin allon da ke kusurwa. Sunaye biyar gare shi a jere, har sai da mai rubutun ya matse na ƙarshen kafin ya samu wuri. Ba wanda ya taɓa ganin janar ɗin a unguwar, ba kuma wanda ya san takamaimai abin da ya yi, sai dai an ce ya yi yaƙi a wata ƙasa mai zafi. Ni ɗinki nake yi, kekena yana bakin taga, tagar kuma tana kallon ƙofar Goggo Zulmira. Haka na san ta, da farko da ido, daga baya da baki.

Mai wanki ce. Doguwa, busasshiya, hannuwanta jajaye kamar wadda ta tsoma su a ruwan zafi ta manta. Ba goggon kowa ba ce a cikinmu, amma duk titi haka ake kiranta, har Fadan cocinmu. Ranar da ta fara yi mini magana, tambayata ta yi ko na saba da Bakin Rafi.

"Wane rafi kuma, Goggo?"

"Wanda kike takawa mana, 'yar nan. Ke da kekenki duk a kansa kuke zaune."

Na ɗauka ruɗewa ce irin ta masu zaman kaɗaici. Sai da muka saba, na fara ɗaukar ɗinkin hannu ina zuwa kicin ɗinta da la'asar, sannan na ji labarin daga bakinta, gutsure-gutsure, yau ta ba ni kai, jibi ta ba ni ƙafa.

A nan aka haife ta, tun Lisbon ba ta hauro wannan tudu ba. Rafi ne yake gangarowa daga tsaunukan baya, ya ratsa tsakanin gonakin kabeji da itatuwan ɓaure, ya tafi ya faɗa kogin Tejo. Tsofaffin zamaninta sun ce da can wurin lambun wasu masu ibada ne na coci, har ranar da wata babbar girgizar ƙasa ta kwantar da gidansu. Duwatsun ginin suka gangaro bakin ruwa, matan wanki suka rarraba su. Kowace mace da dutsenta, uwa ta bar wa 'ya. Na Zulmira akwai sassaƙen rabin fiffike a gefensa, kuma ta yi imani na mala'ika ne, duk da maƙwabciyar dutsenta ta rantse na agwagwa ne.

Sukan sauka cikin gari su kwaso kayan gidajen masu hali a kan jaki ko a ka, su wanke, su baza a kan ciyawa. Wurin ba shi da suna a takarda. Bakin Rafi kawai ake cewa, kowa ya gane. Ta ce mini idan rana ta take, ruwan yakan yi haske har mutum ya ƙirga tsakuwar ƙasansa, kumfar sabulu tana tafiya a kai a hankali kamar garken tumaki, kwaɗi kuma su yi tsit sai in mata sun daina waƙa.

Tana da kamar shekara ashirin hukumar birni ta ce za a rufe rafin a shimfiɗa titi. Aka kawo magina daga arewa, mutane masu nauyin harshe da burodin masara a aljihu. Cikinsu akwai wani gajere mai faɗin kafaɗa, Firmino, shi aka turo ya tashe ta daga dutsenta.

"Baiwar Allah, ki ɗan matsa sama, nan za mu fara haƙa."

"Je ka haƙa kabarin kakarka."

"Kakata tana nan da ranta, ta ma fi ki fara'a."

Zanin gado ne a hannunta, jiƙe sharkaf. Ta murɗe shi ta zabga masa a fuska, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin ruwa. Mata suka kwashe da shewa. Shi kuwa ya share fuska, ya shinshina tafin hannunsa, ya ce, "Kai, sabulun nan naki akwai ƙamshi."

Aikin ya ɗauki lokaci. Bakan dutse suke ginawa a kan ruwan, yana rufe shi kaɗan-kaɗan kamar yadda barci ke rufe ido. Kowane mako sai matan su ƙara haurawa sama da kwandunansu, maginan na bin su a baya. Kullum da rana Firmino zai zo ya zauna nesa da ita kaɗan, ya gutsuri burodinsa ya ajiye mata rabi a kan dutse, ita kuma ta jefa wa agwagi yana kallo. Wata rana ba ta jefa ba. Ranar da aka ɗora dutsen ƙarshe, ruwan ya ɓace daga idon duniya, ta juya masa baya ta yi watanni ba ta amsa gaisuwarsa. Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure.

Na taɓa tambayarta yadda aka yi ta auri mutumin da ya binne mata rafi.

"To, wa kike so in aura? Shi kaɗai ya san inda ya sa shi." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ba ki ga kafaɗunsa ba ne, Gracinda."

Shi ya gina musu ɗan gidan da hannunsa a gefen sabon titin. Dutsenta mai rabin fiffike ya ɗauko ya yi dokin ƙofa da shi. Ranar da suka tare ya kai ta kicin, ya janye tabarma, sai ga wani murfin ƙarfe a daɓe, faɗinsa kamar faranti. Ya ɗaga. Iska mai sanyi ta buso, da ƙanshin jiƙaƙƙen dutse, can ƙasa cikin duhu kuma ga rafin yana ta surutunsa kamar ba abin da ya faru. Ya ce mata, "Ga shi nan, ban kashe miki shi ba. Rufa masa bargo kawai na yi."

Titin ya fara zama da suna irin na marasa gata, Titi na C, don akwai na A da na B a ƙasansa. Ya yi shekaru a haka, gidaje suka taso, aka kawo fitilu, taragon lantarki ya fara tsayawa a gindin tudu. Daga baya wasu masu baƙaƙen riguna suka zo da makaɗa suka liƙa sunan janar. Goggo Zulmira ba ta taɓa furta ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba. Ta koma wanki a rumfar famfo ta hukuma tare da sauran mata, amma ta ce ruwan famfo kurma ne, ba ya ji ba ya magana. Ƙurar dutse ta cinye ƙirjin Firmino, ya rasu gab da zuwana titin. 'Yarsu ɗaya, Idalina, ta bi mijinta Faransa. Sai ya rage daga Goggo sai murfin ƙarfenta.

Idan na je da la'asar takan dafa mana gahawa mai sha'ir, ta ɗaga murfin, mu zauna ba mai cewa komai. Hasken rana yana shigowa ta ƙaramar taga ya kwanta a bango, allurata na tafiya, ruwan na tafiya. Wani lokaci ta ɗaga yatsa ta ce, "Ji, uwata ce ke bugun kaya, ita ce mai bugu biyu ta huta." Ni ruwa kawai nake ji. Amma akwai ranar da gyangyaɗi ya ɗan ɗauke ni, na ji kamar dariyar mata daga nesa, irin wadda iska ke kawowa ta kuma ɗauke. Da na farka na gaya mata, ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Masu gulma ne, har yanzu ba su gama ba."

Anacleto mai mashayar kusurwa ba ya barinta ta wuce lafiya. Yana ganinta da kwando a ka zai leƙo yana goge kofi.

"Goggo, yau kifi nawa aka kama a kicin?"

"Isasshe. Ba irin sardin ɗinka ba, da ya ga sarakuna uku kafin ya ga wuta."

"Ki gaida mini Janar idan kin wuce allonsa."

"Ka gaishe shi da kanka, ai kai ne ka yi kama da dokinsa."

A haka muka tsufa tare, ita a gaba, ni a baya. Injinan wanki suka shigo gidajen masu hali, kayan da ake ba ta suka yi ta raguwa, har ya zama sai na wani ɗan masauki da na tsofaffin matan da ba su yarda da inji ba.

Sai wata kaka aka yi ruwan sama irin wanda ban taɓa gani ba. Kwana da kwanaki ana zuba shi, bango ya jiƙe, burodi ya yi fumfuna, gishiri ya narke a kwano. Wata safiya ruwan ya ɗauke, muna cewa mun huta, sai muka ji titin yana gurnani daga ƙasa. Murafan magudana suka fara rawa, na saman tudu ya yi tsalle ya kife, ruwa ya ɓullo. Jajir ya fara fitowa, da laka da karmami da tsofaffin takalma, ya cika titin daga wannan gefe zuwa wancan. Muka kwashe yara da kaji muka hau bene. Ba wanda ya rasa ransa a titinmu, Allah ya tsare, sai dai gangunan giyar Anacleto da suka fito daga mashaya suka gangara a jere kamar masu zuwa coci.

Wajen hantsi rana ta fito. Ruwan titin bai tsaya ba, amma ya rage fushi, ya sauko daidai idon sawu, kuma ya fara washewa. Ina kallo ta taga jan ya koma ruwan toka, tokar ta tafi, har duwatsun titi suka bayyana a ƙarƙashinsa suna ƙyalli. Titin ya yi tsit. Ba mota, ba tarago, sai ƙarar ruwa a kan dutse, a fili, a gaban kowa.

Ƙofar Goggo Zulmira ta buɗe. Ta haura saba'in a lokacin. Ta fito ba takalmi, ta tattare siket ta soke a ƙugu, kwando a ka, sabulu a hannu. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ruwan yana wanke mata ƙafa. Sannan ta durƙusa a dokin ƙofarta, a kan dutsen nan nata, ta zaro farin zanin gado ta shimfiɗa a kan ruwan. Zanin ya buɗe ya miƙe yana lilo. Ta jawo shi, ta goga sabulu, ta fara bugu.

"Goggo, sanyi zai kama ki!" na ƙwala mata daga sama.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sauko da naki, Gracinda. Ba kullum yake kawo ziyara ba."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na yaye zanin gadona, mai tsabta ma, na sauka. Matar Anacleto ta fito da nata. Kafin wani lokaci duk bakin ƙofa akwai mace a durƙushe, har da 'yan matan da ba su taɓa wanke ko hankici da hannu ba. Goggo ta ɗauko wata tsohuwar waƙar wanki da muryarta mai rawa, tsofaffi biyu suka amsa, mu da ba mu san baitin ba muka bi da hanci. Kumfa ta yi ta gangarawa fara fat.

A wancan zamani gwamnati ba ta son ganin mutane sun taru. Sai ga wani ɗan sanda ya hauro yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, takalmansa a rataye a wuya.

"Wa ya ba da izinin wannan taro?"

"Ba taro ba ne, ranka ya daɗe, wanki ne," in ji matar Anacleto.

"An hana wanki a kan titin gwamnati."

Goggo ta dube shi sama da ƙasa. "Ina titin, ɗana? Nuna mini shi in tashi."

Ya duba ƙafafunsa cikin ruwa, ya duba sama da ƙasan tudun. Ita kuwa ta miƙa masa bakin zanin ta ce, "Tunda ka zo, kama nan mu matse." Ya kama. Suka murɗa tare, ruwa na zuba masa a wando.

Da azahar aka ɗaura igiyoyi daga taga zuwa taga, aka shanya. Ban san muna da fararen zannuwa da yawa haka ba. Tun daga kan tudu har gindinsa ba ka ganin sama sai fari, hawa kan hawa, iskar kogi tana kumbura su tana saki. Hasken da ya sauko ƙasa ya zama mai laushi kamar madara. Mutane suna tafiya a hankali a ƙarƙashi, suna magana ƙasa-ƙasa, yara suna ɓuya suna ɓullowa. Fasinjojin da suka taru a gindin tudu suna jiran tarago suka tsaya baki buɗe. Goggo ta zauna a kujera a bakin ƙofa, ƙafafunta cikin ruwan da ya rage, idonta a lumshe. Kafin faɗuwar rana rafin ya janye ya koma gidansa, ya bar mana laka a lungu da ƙanshin sabulu.

Tun daga ranar sunan ya kama, ba tare da kowa ya raɗa shi ba. Mutanen ƙasan tudu suka fara cewa wane yana zaune a titin fararen zannuwan nan. Direbobin tasi suka ɗauka. Janar ya ci gaba da zama a allonsa, ba mai kula shi.

Bayan 'yan shekaru aka yi juyin mulkin nan da sojoji suka soka furanni a bakin bindiga. Ko'ina a gari ana sauke alluna ana ɗora sababbi. Mu ma aka ce mu zauna mu zaɓi suna mu kai wa hukumar birni. A mashayar Anacleto aka taru wata Lahadi bayan coci, aka cika maƙil har waje. Herminio, wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa mai muryar ganga, ya hau kan benci ya ce dole a sa Titin Ma'aikata. Fada ya ce akwai wata waliyyiya da ba ta da titi ko ɗaya a duk Lisbon. Wani ya ce Titin 'Yanci, aka ce masa an riga an yi guda nawa a makon nan, mai raba wasiƙu har kuka yake yi.

Ana cikin hayaniya Goggo Zulmira ta buga sandarta a ƙasa. Kowa ya juyo, don ba a saba jin ta a taro ba.

"Ku da kuke ta ihu, wa ya shimfiɗa titin? Firmino ne. Babu dutsen da hannunsa bai taɓa ba."

Herminio ya yi tsalle. "Shi ke nan! Magini, ɗan talakawa! Titin Firmino! Wa ya yarda?"

Hannuwa suka tashi, har da na Fada. Na dubi Goggo ina jiran in ga farin ciki, sai na ga fuskarta ta canja. Tana motsa baki a hankali, kamar tana gwada sunan a bakin wasu.

"A'a," ta ce. "Ku sauke hannuwanku. Na fasa."

"Haba Goggo, ke fa kika kawo shi!"

"Na kawo, na kuma ɗauke abina. In an kafa shi a kusurwa, kowane mashayi ya fito daga nan ya je ya yi fitsari a ƙarƙashinsa. Kowane direba ya riƙa kiran sunansa kamar tare suka yi wasan ƙasa. Wata rana kuma wasu su zo da tsani su sauke shi. Ku bar mini shi inda yake."

Anacleto ne ya share murya, ya ce, "To ni tambaya ɗaya gare ni. Herminio, ranar da surukarka ta zo daga ƙauye, me ka ce ta gaya wa mai tasi?"

Herminio ya sosa ƙeya. "Titin fararen zannuwa."

Dariya ta ɓarke, aka tashi taron a kan haka.

Hukuma ta ɗan ja ƙafa, don wai sunan ba shi da nauyi, amma daga baya ta amince. Ranar da aka kafa allon, na tangaran fari da rubutu shuɗi, aka gasa sardin a bakin titi, aka dafa miyar kabeji a babbar tukunya. Aka ajiye wa Goggo kujera a gaba. Wani jami'i ya yi dogon jawabi, ita kuwa ta yi barcinta har da ɗan minshari. Da aka yaye ƙyallen na tashe ta. Ba ta iya karatu ba, sai ta sa na karanta mata sau biyu. Ta gyaɗa kai ta ce shuɗin ya yi, sai dai da ita ce da ta rage bula kaɗan.

Ta ƙara shekara biyu a duniya. Idalina ta zo ta yi ta roƙo ta tafi da ita Faransa, ta ƙi. Wata bazara da la'asar na same ta a bakin ƙofa tana ɓarar wake a cinya, rana na dukan ƙafafunta. Ta ce in zauna, ta yi mafarki.

"Firmino na gani, da jakar tafiya. Wai in tashi mu je garinsu. Kin san duk zamanmu bai taɓa kai ni ba? Kullum sai baki. Wai a can dutse ya fi gajimare tsawo, awaki na kwana a kan rufin ɗaki, inabi kuma a bishiya yake hawa sai an sa tsani."

"Kika ce masa me?"

"Na ce ya jira in gama waken nan." Ta yi 'yar dariya. "Amma zan je, Gracinda. Ina so in gani da idona ko ƙarya ya yi ta shirga mini."

Na shiga ciki in ɗora mana gahawa. Da na fito da kofuna biyu, ta riga ta bi shi, kanta ya jingina da bango, bakinta da sauran murmushi, waken kuma ta ɓare shi tas.